Hoton da ya wanke Inna

Shekarar da na fara koyarwa a Gusau aka fara cewa Inna ta yi girman kai. Wai tun da ɗiyarta ta zama malama, sai ta wuce mutane a bakin titin Tsafe ko kallo ba su ishe ta ba. Ƙawarta ta ƙuruciya, mai daddawa, har ta daina shigowa gidanmu. Wannan ya ƙona wa Inna rai ƙwarai. Ni ma, Allah ya yafe mini, na yi mata faɗa.

Sai da ta yi karo da turmi sau biyu a tsakar gidanta na kai ta asibiti a Gusau. Likitan ya ce ta kalli hancinsa, ya taho da yatsa daga gefe. Ba ta ga yatsan ba sai da ya zo gabanta. Aka ɗauki hoton ƙoƙon kanta, ya ɗaga shi a taga ya nuna mana wani ɗan gurbi a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ya faɗaɗa. Ya ce alamar ƙari ce, yana danne jijiyoyin ido, shi ya cinye mata ganin gefe. Dole a yi mata aiki a babban asibiti.

Ni na shiga tunanin aikin. Inna kuwa sai ta washe baki.

"Likita, ashe ba halina na ba? Ara mani hoton ga."

Ta naɗe shi a sabon zane, muka hau motar Tsafe. Ko gida ba ta shiga ba, ta zarce wurin mai daddawa, ta ɗaga hoton a rana ta dangwala yatsa. Na tabbata ba nan likita ya nuna ba.

"Ga abin da ya hana ni gaishe ki."

Mai daddawa ta daɗe tana kallo. "Waɗanga haƙora naki na dai, ban musu," ta ce. Suka yi ta dariya har ta koma kuka.

An yi aikin, Inna ta tashi, amma ganin hagu bai dawo ba. Daga nan duk inda za ta, mai daddawa na hagunta, tana zungurinta tana raɗa mata sunan mai tahowa, ita kuma ta riga shi gaisuwa.