Kwana Tara Kafin Arba'in

Ƙamshin dafaffen ganyen runhu ne ya tarye ni tun daga zaure, haɗe da hayaƙin itace. Daga bayan ɗaki ina jin fyaɗar jiƙaƙƙen ganye a kan fata, fat, fat, da muryar Goggo, ƙanwar mahaifinmu, tana cewa, "Juyo min bayan. Ke dai ba ki da dauriya." Yayata ake yi wa wankan jego. Ta zo gida Roni goyon ciki kamar yadda aka saba a haihuwar fari, ta samu 'ya mace, ranar da na iso kwanansu ashirin. Ni kuma na sauka hutu daga jami'a a tsakiyar bazara, da katako biyu na danne ganye da tarin tsofaffin jaridu a jaka.

Ina shekarar ƙarshe a sashen nazarin halittu. Lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, gwamnati na ciyar da mu tana raba mana littattafai, kowannenmu yana ganin binciken da zai yi ne zai gyara duniya. Nawa binciken a kan ganyayen da mata ke dafawa don wankan jego ne. Malamin da ke duba aikina ya tsara min takarda mai gida huɗu: sunan ganye a bakin mutane, sunansa na Latin, inda aka tsinko shi, sai zafin ruwan wankan. Ina son takardar nan. Ina son yadda ganye ke kwanciya tsakanin jaridu har ya bushe, jijiyoyinsa su fito kamar hanyoyin gari.

Da aka fito da Yaya tana tiriri, ta hango ni ta yi dariya.

"Likitar ganye ta iso. Goggo, ɓoye tukunyarki kafin ta tafi da ita makaranta."

"Ta taɓa min tukunya ta gani," in ji Goggo. "Ke 'yar boko, ba kya gaisuwa sai kallon ganye?"

Na durƙusa na gaishe ta. Washegari da safe na tsoma ma'aunin zafi a ruwan, na rubuta abin da ya nuna. Goggo ta tsaya a kaina da hannu a ƙugu, ta ce ita da gwiwar hannunta take aunawa, kuma matan da ta wanke sun fi gashin kaina yawa.

Ɗakin Yaya akwai gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, ga kuma zafin bazara. Can take wuni a kwance. Safe da yamma ana kawo mata kunun kanwa a babbar ƙwarya, Goggo ta zauna sai ta ga gindin ƙwaryar. A gaban mutane Yaya ba ta kallon jaririyar, saboda kunyar 'yar fari. Ko nono za ta ba ta sai ta kau da kai. Amma idan ya rage daga ni sai ita, takan sunkuya ta shinshina kan yarinyar, ta daɗe a haka.

"Ni kuma me sunana da Latin ɗin?" ta tambaye ni wata rana ina jera ganye.

Na ce ba a ba mutum ɗaya suna, duk mutane suna ɗaya gare su.

"Ashe masu Latin ɗin malalata ne," in ji ta. Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, ta daɗe tana yi.

Na yi kwanaki ina yawon tsintar ganye. A garin Gwiwa wata tsohuwa ta nuna min sabara da geza, ta ce tsamiya wankan 'yan birni ne. Na wuce Babura ranar kasuwa, inda na tarar da fataken ƙetare sun sauke kanwa mai kyau, fara tas. Na tuna ban kai wa Yaya barka ba, na sayi dunƙule babba na ɗaure a gefen mayafi. Da na dawo na miƙa wa Goggo, ta lasa, ta gyaɗa kai. Ranar ce kaɗai ta yabe ni.

"Yau kin yi abin kai. Wannan ita ce kanwa."

Yaya ta cika. Fuskarta ta yi fam, ƙafafunta sun yi jawur suna sheƙi, awarwaron hannunta ya daina motsi. Matan unguwa masu shigowa barka suna cewa jego ya karɓe ta, mijinta ba zai gane ta ba. Shi malamin makaranta ne a Kazaure, yakan zo a sabon babur ɗinsa ya tsaya a zaure, a gaya masa ana lafiya, ya koma yana murna. Goggo tana ta alfahari. Ai aikin mai wankan jego ke nan, ta mayar da mace ɗakinta ta fi yadda ta zo.

Ranar da suka cika kwana talatin da ɗaya, da hantsi, na shiga na samu Yaya zaune ta jingina da bango. Ta ce kwanciya ce ba ta yi mata daɗi, idan ta miƙe sai ta ji kamar an ɗora mata turmi a ƙirji. Na riƙe ƙafarta ina wasa da ita, na danna babban yatsana a kan ƙaurinta. Da na ɗaga, ramin yatsan ya zauna. Na ƙirga har ashirin bai cike ba.

Ni ba likita ba ce, ganye na sani. Amma na san ƙiba ba ta riƙe sawun yatsa.

Na samu Goggo a bakin murhu. "Goggo, ina ganin ba ƙiba ba ce. Ruwa ne a jikinta. Da an kai ta asibitin Kazaure an duba."

Ba ta ko ɗago ba. "Sanyi ne ya ɗan shige ta, shi ya sa tarin. An ƙara wuta, an ƙara kanwa. Mai jego ta fita kafin arba'in, iska ta buge ta a mota? Kwana tara ya rage. Ke haihuwa nawa kika yi?"



Na je wurin Inna, mahaifiyarmu, tana tankaɗe. Yaya ce 'yar farinta, ban taɓa jin sunanta a bakinta ba, kuma tun da aka fara jegon ba ta taka ɗakin ba sai dai ta aika. Na gaya mata abin da na gani.

"Ki faɗa wa goggonki."

"Na faɗa mata."

Hannunta ya tsaya a kan rariya. Ta daɗe tana kallon garin. "To ai ta fi ni sani," ta ce. Na juya zan tafi, sai na ji ta a hankali, ba ta dube ni ba: "Tana dai cin abinci?"

Saura Baba. Da ya ce a tafi, da an tafi. Da la'asar na same shi a zaure yana sauraron rediyo, na durƙusa na gaishe shi. Ya tambaye ni karatu, na ce lafiya. Maganar tana bakina. Amma ni budurwa ce, yaya zan buɗe baki in yi wa mahaifina zancen jikin mai jego? Na ce na zo ne in gaya masa jibi zan koma. Ya sa min albarka.

Yaya ma ta roƙe ni. "Don Allah kada ki ja min magana. A ce na kasa jego tun a haihuwar fari? Ki je ki ba malamanku ganyensu. In kin dawo ki same ni a Kazaure, in yi miki dambu."

Na ɗaure katakaina na tafi. Na gaya wa kaina kwana bakwai ne kawai.

Ina ɗakin gwaje-gwaje ina manna sabara a farar takarda aka ce ana sallama da ni. Na fito na ga Baba a tsaye a rana, shi da bai taɓa zuwa makarantar ba. Ya ce Yaya ta cika shekaranjiya da walaha, a zaune, saura kwana uku arba'in. An kai ta tun a ranar.

A gida na tarar Goggo ta zama wata iri, tana ta wanke tukunyar da take a wanke. Inna na goye da jaririyar. Ranar na fara jin ta kira sunan Yaya, sau ɗaya, tana shanya.

Na koma na ƙarasa aikin, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Aka yaba, aka ce ganyayen sun dannu da kyau. Duk gidajen takardar nan huɗu na cike su, ba kuskure ko ɗaya.

Shekaru da yawa bayan haka, ina koyarwa, na haɗu da wata da muka zauna ɗaki ɗaya a jami'a, ta zama likita. Hira ta kai mu ga Yaya. Ta saurare ni har na gama, ta ce zuciya ce ta gaza, ciwon da ke kama wasu mata bayan haihuwa, kuma zafi da gishirin kanwa suna ƙara masa nauyi. Ta ce a waɗancan shekarun ma ana kwantar da irinsu a asibitin koyarwa na garin da muka yi karatu, a ba su ƙwayar da ke fitar da ruwa, da yawansu su tashi su koma gida da 'ya'yansu.