Romon Kaguwar Goggo Lua

Tsoro ya shige ni ne a lokacin da mahaifiyar Khoa ta ajiye tsinken cin abincinta, ta ɗaga kai tana shaƙar iska, ta ce, "Wannan ƙamshin daga gidan wa yake fitowa?"

Rana ta uku ce ta bikin Tet, sabuwar shekararmu. Ni da Khoa tare muka gama jami'a a Hanoi bara, kuma ranar ce ya fara kawo mahaifiyarsa garinmu don ta gan ni, ta ga iyayena. Idan ta gamsu, da zarar watan farko ya cika za su turo manya da goron neman aure. Don haka tun kafin shekara ta fita ni da Mama ba mu huta ba. Har ƙarƙashin kabad sai da muka wanke. A kan tebur ga dafaffiyar kaza da jan fure a bakinta, ga dunƙulen shinkafa mai danƙo da aka dafa cikin ganye, ga miyar tohon gora, ga soye-soye. Babu ko ɗaya a cikinsu mai wannan ƙamshin.

Mama ta yi murmushin yaƙe. "Ƙanwar maigidan ce, a gidan baya. Romon kaguwa ne kawai da tumatir. Bismillah... a ƙara kaza mana."

Goggo Lua awara take sayarwa a bakin kasuwa tun ina goye. Gajera ce, mai faɗin ƙafa, muryarta kamar ta mai kiran kwale-kwale. Mijinta magini ne, ya rasu dab da ƙarshen shekara, lokacin 'yarsu Tham ba ta daɗe da fara tafiya ba. Gidan da ke makoki ba ya shiga gidan kowa a Tet, kada ya kai wa mutane baƙin cikinsa, su ma mutane ba sa son fara shekara da taka irin wannan gida. A shekarar Goggo ba ta naɗe shinkafa ba, ba ta yanka kaza ba. A rana ta uku da yunwa ta ishi yarinyar, sai ta daka 'yan kaguwar gona a turmi, ta hura gawayi a tsakar gida, ta ɗora tukunya. Wata maƙwabciya da maiƙo ya gundure ta ta leƙo ta katanga, ta ce a sam mata. Kafin la'asar mutum biyar ko shida sun tsallako ta baya, kowa da kwanonsa.

Tun daga nan haka take yi. Ba ta sayen komai sai taliyar shinkafa da tumatir. Kwanukanta babu biyu iri ɗaya. Furen da take sakawa a tulu, reshen da mai furanni ya kasa sayarwa ne a kasuwar ƙarshen shekara. Ganye kuwa a kwando take ajiye shi da ƙasarsa, baƙo ya tsinke ya wanke da kansa. Abin da ya fi ba Mama haushi shi ne Goggo tana riga baƙinta zama.

"Mu a zo mana gaisuwa, ita a je mata zama," Mama takan ce duk shekara, tana juye kazar da ba a taɓa ba cikin tukunya. Ina yarinya nakan yi mata dariya a ɓoye, in sulale ta ƙofar baya in je in sha romon. Bana ban yi dariya ba.

Mahaifiyar Khoa ta goge baki ta ce ai bai kamata ta zo har nan ba ta gaida ƙanwar maigida ba. Ta miƙe, Khoa ya bi ta. Mama ta cusa mini tiren shayi a hannu, ta ce a hankali, "Bi su, ki dawo da su."

Yayyafin farkon shekara yana sauka, a tsakar gidan Goggo mutane sun cunkushe ƙarƙashin rumfar kwano a kan 'yan gajerun kujeru. Goggo ba ta ko tashi ba.

"Ke ce uwar dogon yaron nan? Sannu da zuwa, Yaya. Ga kujera, ga ganye. A nan wanda bai tsinke ba, ba ya sha."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar da ta zauna a falonmu a miƙe kamar a ɗakin jarrabawa, sai ga ta tana naɗe hannun rigar silikinta. Ta ja kwandon gabanta ta ce, "Rabona da tsinke wannan ganyen tun gidan mahaifiyata."

Tham tana bakin tukunya, gashinta a ɗaure da roba, tsohuwar rigar sanyi a jikinta. Makaranta ta bari a aji tara ta kama awara da uwarta. Ta miƙa wa Khoa ludayi.

"Yaya mai digiri, zuba wa mamanka. A'a, ta ƙasa ake ɗebowa. Duk shekarun nan ba a koya muku ludayi ba?"

"Sai a digiri na biyu," in ji Khoa.

"To mu mun gama na ukun."

Ya yi dariya har romo ya zubo masa a takalmi. Na san wannan dariyar. Rabon da in ji ta tun kafin mu fara neman aiki.

Ni kuwa ina tsaye da tire. Rigar da na ɗinka saboda ranar ta matse ni, ba zan iya zama a gajeriyar kujera ba.

"Diep, ajiye tiren nan," Goggo ta ce. "Kin tsaya a kanmu kamar za ki karanta mana hukunci. Je ki sa wandon Tham ki zo ki ci."

Aka yi dariya, ni ma na buɗe haƙora. Ban je ba.

Mahaifiyar Khoa ta sha kwano ɗaya, ta ƙara. Ta cire takalmi. Ta ba Goggo labarin ciwon gwiwarta, da yadda surukarta ta wahalar da ita a Tet ɗinta na farko a gidan miji, abubuwan da ko kusa ba ta faɗa a gidanmu ba. Can sai ta dubi Tham ta ce, "Yarinya, shekarar me aka haife ki?"

"Akuya, Mama."

"Akuya," ta maimaita, tana gyaɗa kai.

A wurinmu kowace shekara da dabbarta, kuma kowa ya san dalilin da uwar saurayi ke yin wannan tambaya. Khoa ɗan shekarar kyanwa ne, kuma kyanwa da akuya masu duba sun ce gida ɗaya suke. Ni shekarar dodo ce, wadda ake cewa tana cutar da kyanwa. Ni ba ta tambaye ni ba. Ko dai ta riga ta sani, ko kuwa ba ta ga amfanin sani ba.

Sai da rana ta yi sanyi suka tafi. Ta yi wa Mama godiya mai tsawo, irin ta baƙi. Romon da Goggo ta zuba mata a gora kuwa a cinyarta ta riƙe shi cikin mota.

Washegari na sami Goggo a bakin famfo tana wanke kwanuka.

"Goggo, kin san za su zo. Da kin bari sai yau."

"Kaguwa ba ta jiran suruka, 'yata."

"Kin ji abin da ta tambayi Tham?"

"Na ji. Ta tambayi shekarar karen maƙwabcinmu Lam ma." Ta miƙo mini kwano in ɗauraye. "Matar nan gajiya ta yi. Kwana uku tana zama a gefen kujera a gidajen mutane. Wurin miƙe ƙafa ta samu, ba 'yata take nema ba."

Ta faɗi haka hankalinta kwance, kamar yadda take yin komai, kuma wannan kwanciyar hankalin ce na kasa yafe mata. Na yi karatu, na share gida, na ƙona yatsu a kan mai. Ita da tukunya ɗaya ta zauna, aka zo aka same ta. Tham ma haka za ta tsufa, ina ganin alama, mutane suna cire takalmi a ƙofarta.

Da na kira Khoa, cewa ya yi, "Mama ta ce ta daɗe ba ta ji daɗin Tet irin na bana ba."

"A gidan wa?"

"Haba, Diep. Ai duk gidanku ne."

Ya ce yanzu ta tafi ƙauye wurin yayanta, za su je wurin mai duba kafin a tsayar da magana. Na tambaye shi shekarun wa da wa za a duba. Ya ce in daina wasa, layin ba kyau.

Shekaranjiya watan farko ya cika. Mama ta sake wanke falo. Har yanzu ba su aiko kowa ba, ba su kuma kira Baba ba.