Ranar da manaja ya maƙale a kan igiya

Shekarun baya, lokacin da hutun mako a Dubai yake faɗawa ranar Juma'a, ina aiki a wani sito na masu aika kaya Najeriya, can Dubai Investments Park. Aikina ba mai wuyar bayani ba ne. 'Yan kasuwa su kawo kaya, in shirya su a kwali, in naɗe da salatif, in ɗauki alƙalamin maka in rubuta sunan shago da garin da za a kai, a loda a kwantena. A ƙasan kowane kwali kuma nakan ƙara "A sauka lafiya", don kawai hannuna ya saba. Amma duk sanda na je Kano hutu aka tambaye ni me nake yi a Dubai, sai in gyara zaman hula in ce, "Ina dai kula da harkar kago." Mutane da kansu suka mayar da ni manaja, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Gaskiya sunan ya yi mini daɗi a kunne.

A lokacin ina neman aure. Yarinyar, wadda yanzu ita ce matata, mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, maganar aurenta duk tana hannun baffanta, wani dattijo mai shagon yadi a kasuwar Kwari ta Kano. In ya ce a ba ni, an ba ni. In ya ce a'a, babu wanda zai ɗaga maganar a gidan. Wata rana ta kira ni ta ce Baffa zai zo Dubai saro kaya, kuma ya karɓi lambata.

"Ka dai san ba gaisuwa kawai zai yi maka ba," in ji ta. "Bincike ne. Baffa yana yafe komai, ban da ƙarya."

Na ce mata kada ta damu. Da na ajiye wayar sai na tuna ita kanta manaja ta san ni.

Abokina da muke zaune ɗaki ɗaya a Abu Hail, mutumin Maraɗi ne, shi ya kawo shawara. Ya ce, "Mon ami, abokina, abu ɗaya ne, kada ka bari ya ce zai ga wurin aikinka. Ranar Juma'a ka ɗauke shi ku fita. Akwai wani wuri cikin itatuwa, ba nisa da Muhaisnah, ana rataye mutane a igiya suna shillo a sama. Ku zauna a inuwa ku sha shayi kuna kallon Turawa suna wauta. Kafin ya tuna da sito, magariba ta yi. Kalas, shi ke nan."

Na ga wannan dabara ta yi. Ranar Juma'a na fito da babbar rigata ta shadda wadda ta sha sitati har tana iya tsayawa da kanta, na kafa hula, na sa takalmin fata sau ciki, na fesa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Bayan an sauko daga masallaci na je masaukinsa a Deira. Na tarar da ɗan siririn dattijo da farin gemu, cikin kaftani mara aiki da takalmin kambas irin na masu yawon kasuwa. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi. Ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya ce, "A'a, manaja da kansa. Tashi mu je."

Wurin yana da kyau, ba zan hana shi ba. Itatuwa ne manya, an kakkafa wasu dogayen turaku a tsakaninsu, an yi ƙananan dandamali na katako a can sama, an haɗa su da gadojin igiya da wayoyin ƙarfe. Mutum ya hau, a maƙala shi da wata 'yar taya a jikin wayar, ya saki ƙafa, ya tafi fuuu har wancan gefen. Muka sami benci muka zauna, na kawo shayi. Ni ban iya shan nawa ba, don ba a kurɓar shayi a gaban suruki. Na riƙe kofin kawai ina kallon ƙasa, shi kuma yana kallon sama.

A nan ne na yi kuskuren. Kun san halinmu na tayi. Ko tsire kake ci na mutum ɗaya, wani ya zo wucewa, dole ka ce bismillah, shi kuma dole ya ce alhamdulillahi ya wuce. Kowa ya san matsayinsa, babu wanda yake cutuwa. Da na ga ya daɗe yana kallon masu shillon, sai na nuna saman da hannu cikin ladabi na ce, "Baffa, bismillah, ko za a ɗan taɓa?"

Ya ajiye kofinsa a kan benci. Ya ce, "To, mu je."

Na yi dariya, irin dariyar da ake yi wa babba in ya yi raha. Shi bai yi ba. Ya riga ya miƙe yana naɗe hannun riga. A kan hanyar zuwa wurin yankar tikiti ne yake gaya mini cewa kafin ya shiga kasuwa, shekara goma sha tara ya yi yana aikin wutar lantarki, yana hawa falwaya. "Tun da na bar aikin ban ƙara ganin gari daga sama ba," in ji shi. "Allah ya yi maka albarka da ka tuna da ni."

Ni kuwa, ya kamata in faɗa muku, ko tsanin sito ba na hawa. In kaya suna can sama, sai in tuna ina da ciwon baya. A jirgi ma kujerar tsakiya nake roƙo. Amma ta yaya zan ce wa mai ba ni aure ya hau shi kaɗai, bayan ni na yi tayin?

Wata ma'aikaciya 'yar Filifin ce ta shirya mu. Ta dubi babbar rigata ta girgiza kai, ta ce da wannan ba za a hau ba. Aka cire mini ita, aka naɗe aka sa a akwati tare da hulata da takalmina, aka ba ni wasu kambas da hular kwano da safar hannu. Sai ta sa mini ɗamarar, wadda ake zura ƙafafu a ciki a ɗaure a ƙugu, ta ja maɗaurin da ƙarfi. 'Yar cikin shaddata ta tattare tsakanin cinyoyina, ta kumburo ta baya kamar an ɗaura wa jariri nafkin. Baffa ya dube ni ya kau da kai, na ga gemunsa yana rawa.

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce ɗamarar ba ta sakin mutum, ko ya so faɗuwa ba zai faɗi ba. Abu ɗaya ta maimaita har sau uku: in kana tafiya kada ka damƙe wayar, in ka damƙe za ka tsaya a tsakiya. Na ce na gane. Ban ji komai ba, ina can ina karanto duk addu'ar da mahaifiyata ta taɓa koya mini, har da ta shiga kasuwa.

Baffa ya hau turken kamar mai shiga ɗakinsa. Ni na bi shi a baya, ina hawa ina hutawa, wasu yaran Indiyawa suna bayana suna jira in matsa. Gadar igiyar farko da rarrafe na ƙetare ta. Da muka kai dandamalin da ake sakin ƙafa, na leƙa ƙasa sau ɗaya, na ga bencinmu ya koma kamar akwatin ashana. Baffa ya yi bismillah, ya tafi. Har hannu ɗaya ya saki yana ɗaga wa mutanen ƙasa. Ya sauka wancan gefen, ya juyo ya yafito ni.

"Yalla, habibi," in ji mai kula da dandamalin da Larabci, wato in tafi. "Shuwayya shuwayya, a hankali, ka zauna kawai."

Ban san na saki ƙafa ba ko ƙafar ce ta sake ni. Na dai ji iska a kunnena, na ji wani yana kurma ihu yana kiran "Inna! Inna!", sai daga baya na gane ni ne. Hannuna da kansa ya kai sama ya damƙe wayar. Tafiyar ta ragu, ta ragu, ta tsaya cak. Na buɗe ido na gan ni a rataye tsakanin sama da ƙasa, ina juyawa a hankali kamar naman da aka rataye a rumfar mahauci. Kambas ɗaya ya zame ya tafi, na daɗe ina jira kafin in ji faɗuwarsa.

A wannan lokacin na sallama cewa kwanana ya ƙare. Kuma abin da ya faɗo mini a rai ba aure ba ne. Cewa na yi, yanzu zan je gaban Ubangiji da manajancin ƙarya a wuyana, a rubuta a sanarwar rasuwa, a yi ta faɗa a zaman makoki. Baffa yana tsaye a dandamalinsa, bai fi taku ashirin daga inda nake lilo ba.

Na ɗaga murya na ce, "Baffa! Don Allah ku yafe ni!"

"Saki wayar, ka juya ka jawo kanka."

"Baffa, ni ba manaja ba ne!"

"Na ce saki wayar."

"Wallahi kwali nake naɗewa! Salatif nake sawa! Ko kujera ba ni da ita a wurin! Mu huɗu ne a ɗaki a Abu Hail, motar da na turo hotonta ta maigidanmu ce! Ku gaya wa 'yarku ta yafe ni!"

A ƙasa mutane sun taru, wasu sun ɗaga waya. Ba wanda yake jin Hausa a cikinsu, wannan kaɗai ce rahamar da na samu ranar. Baffa ya dafa turke yana dariya har hular kwanonsa ta karkace. Da ya samu numfashi ya ce, "To, mun ji. Saura me? Faɗi duka tun kana sama, in ka sauko ba za ka faɗa ba."

Na yi tunani na ce, "Babbar rigar ma ta abokina ce."

Ba ta abokina ba ce, tawa ce, amma a lokacin na rikice har ina amsa laifin da ban yi ba.

Ma'aikaciyar nan ce ta biyo wayar ta zo inda nake, ta maƙala ni a jikin ɗamararta, ta ja ni zuwa dandamali kamar buhun da aka manta a hanya. Da ƙafata ta taɓa katako sai na rungume turken, na ƙi saki. Aka sauko da ni ta tsani, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya kuma da safa kawai. Baffa kuwa sai da ya ƙarasa sauran layukan duka, don ya ce ba a amsa tayi a bar abinci a kwano.

Na koma bencinmu na zauna ina jiransa, na mayar da babbar rigata amma ba ta ƙara yi mini kwarjini ba. Tsoro ya tafi, kunya ta zo, kuma ta fi tsoron ciwo. Na san na rasa yarinyar nan, da bakina, a gaban mutanen ƙasashe kusan goma. Ina sonta ƙwarai, har na ji hawaye yana neman zubo mini. Ya zo ya zauna yana share gumi, ya ɗauki shayina da ya huce ya shanye.

Ya ce, "Shekaranjiya na je sitonku."

Na ɗago kai.

"Kana can ciki ka ba da baya, da salatif a hannu, ban bari an kira ka ba. Kayan shagona ta wurinku suke bi, shekara uku ke nan. Sunan shagon ka sani, ni ne ba ka sani ba." Ya faɗi sunan, na kuwa san shi, na rubuta shi ya fi a ƙirga. "Ko kwali ɗaya bai taɓa zuwa mini a yage ba. Kuma kowanne in na juya shi sai in ga an rubuta a sauka lafiya. Na daɗe ina cewa wane ɗan albarka ne wannan. Na tambayi maigidanku, ya nuna mini kai."

Ya ci gaba, "Da mun rabu yau kana manaja, da na koma Kano na ce a ba ka haƙuri. Ba na ba wa manajan da babu shi 'yata. Mai naɗe kwalin nan nake nema, shi ne ka ɓoye mini tun azahar."

Daga baya matata ta gaya mini rahoton da ya kai gida. Ya tara iyaye ya ce, "Yaron matsoraci ne na gaske, ban taɓa ganin irinsa ba. Amma da ya ga mutuwa, gaskiya ya fara faɗa. Ku ba shi." Ita kuma ta yi kwana uku ba ta ɗaga wayata ba saboda maganar motar, sannan ta huce.

Har yau in na tuna ranar sai in yi dariya. Shekara da shekaru ina jin kunyar aikin da yake ciyar da ni, ina lulluɓe shi da babbar riga, ashe shi ne yake ta yi mini magana mai kyau a Kano ban sani ba. Tayi kuwa ban daina ba, amma yanzu sai na duba takalmin mutum tukuna.

Baffa ya rasu bara waccan. Da muka je gaisuwa na shiga shagonsa, na ga a bayan kujerarsa an manna wani yankin kwali a bango, ya yi baƙi don tsufa. Yaran shagon suka ce ya daɗe a nan, ya hana a cire. Na matsa kusa na duba. Rubutun hannuna ne: A sauka lafiya.