Baba Japhet da Saƙon da Bai Isa Ba

A ɗakina akwai wani allon katako mai ƙyalli da aka rubuta sunana a kai: Malama Asama'u Muntaka, gwarzuwar karatu daga gida a shekarar korona. Na taɓa rataye shi a falo, mako biyu ya yi na sauke shi, yanzu yana bayan durowa tare da tsohuwar fanka. Duk wanda ya tambaya nakan ce ƙusa ce ta fita. Ƙarya nake yi, ƙusar tana nan lafiya lau. Allon nan na Baba Japhet ne, kuma labarinsa zan ba ku, ko da yake ni ba zan fito daga cikin labarin da mutuncina ba.

Baba Japhet shi ne maigadin makarantar sakandaren da nake koyar da ilimin halittu a nan Zuru. Ƙungiyar iyaye da malamai ce ta ɗauke shi aiki. Gajeren mutum ne, baƙi, mai tafiya kamar kullum an makara. An haife shi a wani ƙauye kan dutse bayan Dabai. Ya yi golmo, noman da saurayi ke yi wa suruki kafin a ba shi mata, damina bakwai cur sannan ya samu Mama Monica, kuma har gobe yana cewa golmo ya fi aikin soja wuya. Daga nan ya shiga soja, kamar babansa, kamar rabin mazan garinsu. A ɓangaren sigina ya yi aiki, shi ke riƙe da oba-oba yana karɓar saƙo yana turawa. Ya je Laberiya ya dawo da ransa, amma kunnensa na hagu ya daina ji, shi ya sa yake juyo maka da na dama in za ka yi magana.

Abu ɗaya ya fito da shi daga soja wanda ya ishe mu. Ba a aikensa a wuce. In na ce, "Baba, a gaya wa 'yan aji uku su zo da tsintsiya gobe," sai ya tsaya ƙyam ya ce, "Kin ce 'yan aji uku, tsintsiya, gobe. Haka ne?" In ba ka ce "haka ne" ba, ko za ku wuni a nan ba zai ɗaga ƙafa ba. In ya isa ajin kuma sai yara sun maimaita masa abin da ya faɗa. Mu malamai har suna muka sa masa, Baba Haka-ne. Ni kuwa da ma ba a san ni da haƙuri ba. Wata rana na ce masa, "Haba Baba, tsintsiya ce fa, ba yaƙi ba."

Bai ji haushi ba. Ya juyo kunnen dama ya ce, "Malama, a Laberiya na tura saƙo mota ta bi hagu. Wanda ya karɓa ya ce to, ni ma na ce to. Mota ta bi dama. Abokina Joel yana ciki. Tun daga ranar, saƙon da ba a maimaita mini ba, bai isa ba." Ya ɗauki sandarsa ya tafi aji uku, ni kuma na daina kiransa da wancan suna, a gabansa dai.

Da korona ta zo aka rufe makarantu a ƙarshen watan Maris. Muna da ɗalibai tamanin da huɗu da za su zana jarrabawar gama sakandare. Shugaban makaranta, Malam Yusha'u, ya ce a ci gaba da karatu ta waya, ya ɗora mini aikin saboda ni ce mai rawar kai. Na buɗe zaure a WhatsApp, malamai suna naɗar darasi da murya ina turawa. Duk Juma'a in rubuta rahoto cewa darasi ya isa ga ɗalibai. Har daɗi nake ji.

Ina zuwa makaranta da safe don in yi cajin waya a sola ta ɗakin kwamfuta. Wata safiya Baba Japhet ya tare ni a ƙofa.

"Malama, an ce kina tura karatu."

"Ina turawa, Baba."

"Su wa suka amsa?"

Na buɗe wayar don in rufe masa baki, sai nawa bakin ya rufu. Yara ashirin da 'yan kai ne ke sauraro, duk 'yan cikin gari. Na Senchi, na Manga, na ƙauyukan kan dutse, ko ɗaya babu. Wasu ba waya a gidansu, wasu akwai wayar ba sabis, kuma ga shuka ta kama. Wata guda ke nan ina magana ni kaɗai ina rubuta rahoto.

Shi ya kawo dabara. Ya ce ba gidan da babu ƙaramar rediyo mai cin memori, wadda ake jin waƙa da wa'azi a gona. In zuba darussan a memori, shi zai kai a tsohon babur ɗinsa, Talata da Juma'a. Matsala ɗaya ce, ƙofa. Ya ce soja ba ya barin wurin gadi sai wani ya karɓe shi. Na ce to mene ne a ciki, ni zan karɓe ka. Ban gaya wa Malam Yusha'u ba, don na san zai ce a rubuto, a jira, a tambayi na sama.

Duk ranar fita sai ya miƙa mini makullai ya ce, "Faɗi."

In ce, "Ni Asama'u na karɓi ƙofa daga ƙarfe tara zuwa ƙarfe uku."

Ya ce, "Haka ne," sannan ya tayar da babur. Ina faɗa ina dariya. Shi ko murmushi ba ya yi.

Yadda yake aikin daga baya yaran suka ba ni labari. Ba ya ajiye memori ya juya. Gona yake bin su, ya ɗaure takunkumin fuska, ya tara uku ko huɗu a gindin ɗorawa, kowa ya ba da tazara, ya kunna darasin. In ya ƙare sai ya nuna mutum da sanda ya ce, "Maimaita." Shi bai san ilimin halittu ba, bai san lissafin sakandare ba, amma ya san lokacin da mutum ke kame-kame. In yaro ya kasa sai a sake kunnawa. Abin da ya gagara bayan sau uku yakan sa a rubuta a takarda ya kawo mana, mu amsa, ya mayar. Inda babur ba ya hawa yakan jingine shi ya hau da ƙafa, mutum mai shekara sittin da biyar. Wani uba ya taɓa hana 'yarsa Rachael barin gona don sauraron rediyo, Baba Japhet ya karɓi fartanyarta ya yi noman har darasin ya ƙare.

Wata ranar Juma'a a watan Yuni aka yi sunan ɗan ƙanwata a unguwar Rikoto. Na karɓi ƙofa kamar kullum, na faɗi abin da ake faɗa. Da sha biyu ta yi na ce bari in leƙa in yi barka in dawo, awa ɗaya ai ba komai. Na rufe ƙofa na tafi. Kun san gidan suna. Wannan ta riƙe ni, waccan ta ce sai na ci waina, ban farga ba sai da aka kira la'asar. Na iso na tarar da Baba Japhet tsaye a gaban ɗakin kwamfuta, an ɓalle ƙofar, an kwashe baturan sola duka. Hannu kawai ya miƙo na ba shi makullai.

Ranar Litinin kwamitin iyaye da malamai ya zauna a ofishin shugaba. Ina cikin ɗakin, ni ce ma mai rubuta bayanin taro. Malam Yusha'u ya ce, "Japhet, maƙwabta sun ce ba ka nan tun safe. Wa ya ba ka izinin barin ƙofa?"

Baba Japhet ya juyo ya dube ni. Ba kallon roƙo ba ne, jira yake yi. A tsarinsa wanda ya karɓi ƙofa shi ke ba da rahoton abin da ya faru a hannunsa, ba a yi masa shisshigi. Ni kuwa sunana yana cikin waɗanda za a ɗaga zuwa mataimakiyar shugaba. Na ji tsoro, wallahi tsoro ne kawai, ba wani dalili. Na gyara takunkumina na sunkuyar da kai kan takarda.

Ya jira har shirun ya yi yawa, sannan ya ce, "Na bar ƙofa, yallaɓai."

Wani daga cikin iyaye ya ce, "Tsohon soja guda, ka gudu daga wurin gadi." Na ga yadda maganar ta shige shi. Aka sallame shi a ranar. Da hannuna na rubuta cewa an kori maigadi saboda barin bakin aiki ba izini. A garin da kowane gida akwai soja, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mama Monica ta ce mini daga baya ya daina zama a benci na gaba a coci, inda tsofaffin sojoji ke zama.

Washegari Talata, da ƙarfe takwas da rabi, na ji babur a ƙofar gidana. Shi ne. Ya ce, "Malama, memori." Na ce, "Baba, ai an..." Ya ce, "Ƙofa aka karɓa. Yara suna jira." Haka ya ci gaba har watan Agusta da aka buɗe wa masu jarrabawa makaranta. Sau biyu a mako ina miƙa masa memori ina kallon ƙasa, bai taɓa tayar da maganar ba.

Sakamako ya fito, makarantarmu ba ta taɓa ganin irinsa ba, kuma yaran ƙauye ne a gaba. Aka shirya biki. An kafa rumfuna, an yi rawar gargajiya, 'yan ƙwallo sun karɓi kofinsu, an yaba wa malamai da iyaye, kuma sun cancanta. Malam Yusha'u ya karanta rahotona na cewa darasi ya isa ga kowa ta waya, aka kira ni aka ba ni allon. Da aka ba Rachael lasifika, ita da ta fi kowa ci, ta ce, "Ina gode wa Baba Japhet da ya yi mini noma." Mutane suka yi dariya, sun ɗauka wasa take yi. Lasifikar ta dawo hannuna. Na gode wa Allah, na gode wa shugaba, na gode wa iyaye, na zauna. A lokacin ina hango shi a wajen katanga, tsaye kusa da babur ɗinsa, don sabon maigadi ya ce sai mai katin gayyata.

Shekara biyu na ɗauka kafin in taka gidansa. Na same shi da yamma yana ɓare gyaɗa a tsakar gida. Na durƙusa na faɗi duk abin da na daɗe ina shiryawa, ina kuka, ina haɗa magana da magana. Ya saurara da kunnen dama har na gama. Sannan ya ajiye tiren.

"Kin ce ke kika karɓi ƙofa ranar. Kin ce kin tafi gidan suna. Kin ce kin yi shiru don tsoron a hana ki girma. Kin ce ke kika rubuta takardar korata. Haka ne?"

Ban taɓa jin abin da na yi a jere haka ba, ba kuka, ba ado. Na ce, "Haka ne, Baba."

"Na yafe, Malama, tuntuni. Amma wannan saƙon ba nawa ba ne. Ni ina wurin, na sani. Waɗanda ba su sani ba su za ki kai wa."

Na kai. A taron iyaye da malamai na zangon da ya biyo baya na miƙe a gaban mutum fiye da ɗari na faɗi komai. Ina jiran a zage ni, har so nake a zage ni. An riga an canja wa Malam Yusha'u makaranta, rabin 'yan kwamitin sababbi ne, wanda ya ce wa Baba Japhet ya gudu ma ya rasu. Shugaban taro ya ce, "To, Allah ya kyauta. Abin da ya wuce ya wuce." Aka shiga maganar gyaran rufin ɗakin gwaji.

Duk da haka na fito da sauƙi a ƙirjina. Na hau acaɓa kai tsaye zuwa gidan Baba Japhet na ce, "Baba, na faɗa musu. A gaban kowa."

Ya juyo kunnen dama. "Me suka ce?"

"Sun ce Allah ya kyauta."

"Akwai wanda ya maimaita miki? Ko mutum ɗaya ya ce Japhet bai gudu daga gadi ba?"

Na bi fuskokin mutanen ɗakin nan ɗaya bayan ɗaya a raina, ban samu ko ɗaya ba. Na ce, "Babu, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya jawo tiren gyaɗarsa. "To bai isa ba tukuna, Malama."

Ranar Lahadin da ta biyo baya na tambayi Mama Monica a kasuwa inda ya zauna a coci. Ta ce a baya, kusa da ƙofa.