Uwani Mai Lasar Ƙasa

Duk Jiratawa ba wanda bai san Inna Uwani ba, yayar uwata, maginiyar tukwane. Gajera ce, baƙa wuluk, ga baki kamar reza. Ni ma wurinta na gado, ku tambayi malamin lakkwal, makarantar boko, da ya kore ni. Sunan da aka laƙa mata shi ne mai lasar ƙasa, don ba ta taɓa gina ko kasko da yumɓun da ba ta ɗora bisa harshe ba. Ta ce ido maƙaryaci ne, kishiyar ido ita ce harshe.

Shekarar da gulbi ya cinye tsohuwar Maraɗi, kumandan, Baturen mulki, ya ce kowa ya koma tudu, mu ma ruwan bai ƙyale mu ba. Ramin da mata ke haƙar yumɓu tun kaka da kakanni, rairayi ya binne shi ƙurmus. Sai ga ɗan Inna, Idirisa, wanda ke tela a sabuwar Maraɗi, ya zo da zancenshi.

“Inna, sana'a ta ƙare. Ki zo gidana ki zamna, matata ta dama miki fura.”

“Rahmatu? Wadda furarta ke da gudaji kamar tsakuwa? In zamna in yi mi, in ƙirga ƙudaje?”

“To ki ci rairayi?”

“Ka ba ni zuwa kaka. In ban toya randa ba, zo ka ɗauke ni kamar buhun gujiya.”

Wallahi tana nufi. Na san kuma in aka raba matar nan da yumɓu, ba za ta ga wata damina ba.

Da ruwa ya janye, sai aka ga gulbi ya yanke gaɓa, ƙasa ta fito hawa-hawa kamar an ninke zannuwa. Sama ja ce mai rairayi. Ƙasanta fara, cike da ɓawon katantanwa irin wanda ba mu taɓa gani ba. Tsakaninsu ga wani siririn zare mai launin toka, santsi kamar man shanu. Mata suka ruɗe. Rabi, wadda kullum ke son a ce ta fi Inna, ita ta fara cika kwando tana guɗa.

Inna ta tsuguna, ta lasa. Abin ya manne mata ga harshe sai da ta sa yatsa ta ɓamɓare.

“Wagga ƙasa ƙishirwa gare ta,” in ji ta. “Rabi, kar ki gina da ita tsura.”

“Tsohuwa, hassada ce. Harshenki ya tsufa.”

“Harshena ya lashi ƙasa tun uwarki na yawo ba zane.”

Ta ɗebi kaɗan ta jiƙa cikin ƙoƙo. Da muka dawo duba ta, ƙasar ta shanye ruwan tas, ta kumbura ta haye baki kamar ƙullin waina. Na ce, Inna, iskoki ne, mu gudu. Ta dungure mini kai. Ta ce abin da ya kumbura da ruwa, rana za ta tsuke shi. Haka ko aka yi. Tulunan Rabi sun fito kyawawa, suna sheƙi, amma da suka sha rana duk suka tsattsage kamar dugadugan manomi.

Farar kuma, Inna ta matsa mata lemun tsami, ta yi kumfa tana shuu. Ta gina ɗan kasko da ita ta toya, bayan ya huce ya fara tsiro farin ƙuraje yana ɓarewa. Ta yar da ita. Amma ɓawon katantanwan ta daɗe tana juya shi a hannu.

“Ke, ruwa ya taɓa kwana nan, ba irin na gulbinmu ba. Wagga mai toka kuwa, in toka ce, wa ya hura wutar? Murhun wa ke da faɗi haka?”

Ta ajiye ɓawon ta koma kan aikinta.

Saura ja, ga ta da rairayi, ba ta kamuwa, kana ginawa tana zubewa. Nan ta sha wuya. Ta riƙa haɗa jar da mai tokar, ta daka tsingaro ta zuba, ta taka, ta lasa, ta tofar. Wani ya tsage, wani ya zube. Hatsi ya fara nuna, bayan ɗakinta ya cika da fasassu, ƙafafunta sun kumbura. Ni har na fara ɗaure mata kaya a ɓoye. Ta gani ta zage ni tun daga kakata, wadda ita ce uwarta.

A ƙarshe ta gane mai tokar ba a yi mata yawa, kamar kanwa ce cikin miya. Ɗan barbaɗe ya isa ya riƙe jar.

Ranar da Idirisa ya iso da jaki don ya ɗauke ta, matoya na hayaƙi. Inna ta jawo randa da sanda, ta bari ta huce, ta ƙwanƙwasa da zobenta. Ƙarar ta tashi tar, har Rabi ta leƙo ta kan darni.

“Zo ki ji, ba ni da rowa,” in ji Inna. “Gobe ki zo da kwandonki in gwada miki awon.”

Ta juya wurin ɗanta.

“Kai kuma kar jakin ya koma wofi. Ɗora wannan ka kai ma Rahmatu. Ruwa na da nisa bisa tudu, ta samu wurin ajewa.”