Malam Arzika da Hulunan Bangon Yalwawa

Duk ranar Asabar, da an sallame asuba, Malam Arzika kan ɗauko bokitin farar ƙasa da gwangwanayen fenti, ya nufi bangon da ke bayan teburin Nata'ala mai shayi a Yalwawa. Ainihin sana'arsa rubutu a jikin motocin da ke bin hanyar Ringim. Bangon nan kuwa ba wanda ya sa shi. Sai ya shafe zanen makon jiya, ya yi sabo kafin ruwan shayi ya tafasa.

Waɗanda suka ga Dutse tana sabuwar hedikwata ba su manta ba. Lokacin ana ta kiran a gyara majalisa: a bar jama'a su shiga su ji muhawara, wakili ya riƙa komawa mazaɓarsa, wanda ya gaza a yi masa kiranye. Wasu suna faɗa a rediyo, shi da buroshi ya faɗa. Ya taɓa zana wakili ya koma ƙauyensu yana tambayar jaki hanyar gidan ubansa. Da soja suka rufe majalisa, ya zana ta da ƙaton kwaɗo a ƙofa, na ciki suna ta barci, ba su ma sani ba. Direbobi har shayi ke sarƙe su.

Amma bai taɓa yi wa halittar kowa ba'a ba. "Hancin, Allah ne Ya yi," in ji shi, "barcin ne nasa."

Da shekarun shari'a suka zo, limamin unguwa, Malam Saifuddeen, ya same shi a tsanake. "Malam Arzika, zanen mai rai akwai magana a kansa. Ba hani na kawo ba, tuni ne."

Har damina ta wuce bango yana fari fat. In ya ci gaba, yana tsoron tsayuwarsa gaban Allah. In ya bari, ya toshe bakin mutanen da bangon nan ne kaɗai bakinsu.

"Baba, ko an ba ka kujera ne?" in ji Nata'ala. "Teburina ya koma zaman makoki."



Wata Asabar aka wayi gari da jerin kujeru a bango, kowace da hula a kanta, ba mutum ko ɗaya. Ga zanna, ga dara, ga wata a karkace. Wani makiyayi daga Buji ya dogara da sandarsa, ya ƙura ido, ya ce, "Wallahi mai karkatar nan tamu ce! Rabonmu da kan da ke cikinta tun ranar zaɓe."

Liman ya zo wucewa, ya tsaya, ya yi dariya har da goge hawaye.

Malam, kai ne ka ƙi sayar da lahira don dariyar teburin shayi, ka kuma ƙi fakewa da addini ka yi shiru. Na daɗe ina juya wannan a raina, ban ga wanda ya riƙe duka biyun kamarka ba. Gwanin bango, mun gode.

Bana hannu ya fara rawa, ya ajiye buroshi. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa a gama lafiya. Gyaran da aka nema har yau bai gama isowa ba. Masu hannu da kunya, ku leƙa Yalwawa: bangon yana nan fari, bokitin kuma yana ƙarƙashin teburin Nata'ala.