Sojojin Dalma da Kwalin Ƙwai

Ranar wata Asabar ta watan Yuli, shekarar da na gama aji biyar, ina tsaye a garejin maƙwabcinmu Mista Odell, gumi na bin bayana, 'ya'yan lido a tafin hannuna na kasa jefawa. A gabana ga wani makeken tebur lulluɓe da koren bargo, an yi masa tuddai da soso da shingaye na tsinken sakace. Sojojin dalma da ba su kai ɗan yatsa ba sun ja sahu, masu jar riga a wancan gefe, masu shuɗiya a nawa, kowa saɓe da bindiga irin ta da, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. A bakin ƙofa kuwa Baba ne tsaye, hannuwa a baya. Ya zo ne ya gani da idonsa, ya yanke hukunci ko in ci gaba da wannan wasa ko in bar shi har abada. Baba kuma ba ya magana biyu.

A gabashin garin Greensboro, can ƙasar waje, muke haya a lokacin, wata unguwa da coci ya fi shago yawa. Mama ta mai da bayan gidan gona, ga yakuwa ga kuɓewa ga tattasai, ni kuma aka naɗa ni sarkin ban ruwa da korar zomaye da tura injin yankan ciyawa, sarautar da ba albashi sai faɗa. Kuɓewar ce ma ta kai ni gidan Mista Odell, wani dattijo baƙar fata da ya yi ritaya daga tuƙin bas ɗin makaranta, matarsa ta rasu, ya rage daga shi sai rediyonsa da sojojinsa. Mama ta aike ni in kai masa, na leƙa garejin, ban dawo ba sai da ta fito nemana da muciya a hannu. Shi ya koya mini auna tafiyar runduna da tef irin na tela, da ɗora auduga a bakin bindigogi ta zama hayaƙi, da jefa 'ya'yan lido su faɗi wa harsashi ya sama. Ya ba ni runduna guda in yi mata fenti da kaina, ya ce in hutu ya ƙare ta zama tawa. A duniya ban taɓa son abu kamar yadda na so waɗannan masu shuɗiyar riga ba.

Baba bai san komai ba, Mama kuma rabi ta sani. To, rana dubu ta ɓarawo. Na mance soja ɗaya a aljihun wando, ya yi ta ƙwal-ƙwal a injin busar da kaya har Baba ya buɗe ya zaro shi. Da safe na tarar da shi tsaye kusa da kofin shayinsa. “Baffa, wannan fa?” Baffa ake ce mini a gida, domin sunan ƙanensa Habibu na ci, wanda ya rasu kafin a haife ni, kuma ban taɓa jin an ambaci sunan nan a gidanmu ba. Na shiga zuba bayani da Turanci, kamar kullum idan tsoro ya kama ni. Ya bari na gama, ya ce, “Asabar zan zo in ga gem ɗin.” Satin nan ko tuwo bai yi mini daɗi ba. Na shirya amsoshi kamar mai shiga kotu: in ya ce gumaka ne, in ce ba a bauta musu, in ya ce lido caca ce, in ce ba a sa ko sisi. Na roƙi Mama ta sa baki, ta ce, “Ni ba ruwana, kai ka jajiɓo.”

Ranar da ya zo, ya gaisa da Mista Odell cikin mutunci, aka ba shi kujera ya ƙi zama. Ya ɗauki soja ɗaya, ya ƙura wa fuskarsa ido, sai ya mayar da shi. Ya dubi 'ya'yan lido a hannuna, ya kau da kai. Bai ambaci gunki ko caca ba, amsoshina duk suka tashi a banza. Da ƙyar na jefa. Sai sa'a ta zo mini, shida na bin shida, sahun masu jar riga ya karye a gindin wani shinge. Nan take na mance da wanda ke bakin ƙofa. Na yi tsalle na kwashe da dariya, na sa gefen hannu na share waɗanda suka faɗi, na zuba su a robar askirim da muke tara matattu, suka faɗa kan juna da ƙara.

“Tsaya!”

Ban taɓa jin muryar Baba haka ba. Ya tako ya karɓi robar, ya zaro farin hankici daga aljihu ya shimfiɗa a gefen teburin. Ya dinga ciro sojojin ɗaya bayan ɗaya yana kwantar da su a jere, yana gyara wanda ya karkace. Bai dube ni ba ya ce, “Haka aka zuba gawarwaki a bayan tifa, ranar rikicin garinmu. Da hannuna na yi ta ɗaga mutane ina neman Habibu.” Mista Odell ba ya jin ko zo na Hausa, amma ya miƙa hannu ya kashe rediyo, ya cire hularsa. Baba ya kwantar da na ƙarshe, ya juya ya fita, ya bar hankicin a wurin. Kunya da tausayi suka rufe ni, kuma ba zan ɓoye ba, har da baƙin cikin rundunata, don na tabbata na rasa ta ke nan.

Mako guda bai tada maganar ba, ni kuma ko shingen Mista Odell ban kalla ba. Na yi ta ban ruwa har Mama ta ce zan ruɓar mata da tattasai. Asabar ta zagayo, ina ɗaure igiyar takalmi, Baba ya fito cikin kayan aiki ya ajiye wani abu kusa da ƙafata. Kwalin ƙwai ne, an shimfiɗe kowane gurbi da ɗan ƙyalle fari da aka yanko daga tsohuwar shaddarsa. “Kowa da gurbinsa,” ya ce. “Wanda ya faɗi, ka ɗauke shi da yatsu, ka kwantar da shi. Ban da dariya.” Ya shiga mota ya tafi aiki. Na ruga gidan Mista Odell rungume da kwalin, ina kuka ina murna, ban san wanne ya fi yawa ba.

Yanzu a wani shago mai sanyin na'ura muke haɗuwa mu yi wasan, sojojin na roba ne, jakunkunansu masu soso a ciki, kowa da wayarsa yana ɗaukar hoto. Mista Odell ya daɗe da rasuwa, an mai da garejinsa ɗaki, Baba kuma ya koma gida Nijeriya, sai dai mu gaisa a waya. Abokan wasana suna tsokanata wai na cika nawa wajen kwashe matattu, suna kuma yi wa kwalina dariya, wanda ya sha salatif har ya gaji. Nakan bar su su yi. Har yau, duk sojan da ya faɗi a teburina, nawa ko na abokin gaba, nakan tuna yana da wa mai nemansa.